'Yar Tambai Mai Giya

Waɗanda ke gidan a ranar ba su da yawa, kuma dukansu suna raye, mai shakka ya je ya tambaye su. A falon sama akwai ubanku, wanda ba zan kama sunansa ba don ɗan fari ne, da baƙinsa maza, kawun Mukhtar da wani amininsa da suka taso daga College Park. A falon ƙasa, inda mu mata muke zama, akwai ni, da uwarku Bilkisu mai rubuta wannan, da Hadiza 'yar Maraɗi mai sayar da atamfa da turare, da Hajiya Turai ta Clinton, gwaggon Mukhtar. Yayarku Safiya tana ɗakinta, an ce ta zauna sai an kira ta, don ranar ce dangin Mukhtar suka zo gaisuwar neman aurenta. Ku kuwa an kai ku gidan ƙawar uwarku don kada ku cika wa baƙi kunne. Shi ya sa abin da kuka sani duk a bakin mutane kuka tsince shi, wai Iya ta sha giya a gaban surukai ta kashe wa Safiya aure. Ban yi boko ba, ban yi allo ba, sai abin salla da kakanku ya koya mini da baki. Amma ban mutu ba tukuna da za a riƙa ba da labarina ina zaune. Na ce wa Bilkisu ta rubuta yadda na faɗa, har wurin da bai yi mata daɗi ba.

Tun da ubanku ya ɗauko ni daga Funtuwa bayan rasuwar kakanku ya kawo ni nan Fort Washington a Amurka, doka ɗaya na kafa a gidan nan: babu abin da zai je gaban baƙo sai ya bi ta harshena. Miya ce, shayi ne, ko lemun kwalba. Kun sha yi mini dariya a kan haka, kuna cewa Iya ce kwastan ɗin gida. Ban damu ba. Baƙo amana ne, abin da ya shiga cikinsa a gidanka kai za a tambaya.

Bilkisu ta yi girki kamar za a ciyar da unguwa. Waina, miyar taushe, farfesun kayan ciki, dambun nama, ga zoɓo da kunun aya da lemun citta a manyan robobi. Firij ɗinmu ya cika har ƙofarsa ta ƙi rufuwa. Sai maƙwabcinmu Mista Wolta ya ce a kai ragowar nasa na gareji. Kun san shi, baƙar fata ne ɗan ƙasar, tsohon direban bas, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai. Ni da shi ba mu jin yaren juna, amma yana miƙo mini tumatir ta kan shinge ina miƙa masa yakuwa, kuma bai taɓa barin ƙanƙara ta kwana a bakin ƙofarmu ba in ubanku yana tafiya. Da baƙi suka iso, Bilkisu ta aiki Hadiza ta ce ta kwaso duk abin sha da ke firij ɗin garejin. Hadiza kuwa in an ce mata duka, duka take ji. Ta kwaso robobinmu, ta haɗa da wasu kwalabe masu ruwan ƙasa da ta gani a jere a ƙasan firij, babu takarda ko ɗaya a jikinsu. Wane Bahaushe ne zai ga kwalba mai ruwan ƙasa da baƙin abu a ciki, ranar taro, ya ce ba malt ba ne? Bilkisu ta ɗauka gudummawar Hadiza ce. Hadiza ta ɗauka Bilkisu ce ta sayo a shagon 'yan Afirka. Kowacce ta gode wa 'yar'uwarta a zuci.

Ina cikin gaisawa da Hajiya Turai, ana ta ina gajiya ina iyali, Hadiza ta tsallake dokata ta tsiyaya a kofunan gilas ta jera. Hajiya Turai mace ce doguwa mai tabarau, mai auna magana kafin ta saki, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ta gaishe ni a durƙushe. Ta ɗauki kofinta ta dube shi ta ce:

“Bilkisu, ko da madarar gwangwani a kusa? Ni malt in babu madara ban ga na sha ba.”

Wannan madarar ce ta tsare ta. Bilkisu ta tashi ɗauko ta, ni kuma na miƙa hannu na ɗauki kofin da ke gabana. Baƙi ne ƙirin, ko hasken fitila bai ratsa shi ba, kumfarsa mai kauri launin ƙasar shuri. Ƙamshin kwakwa ya fara tarbata, sai na kofi, sai wani kamar ƙanzon tuwo da aka bari ya ƙone daidai. Na ce a raina Turawa sun sake ƙirƙiro wani iyayin. Na yi bisimilla na kurɓa. Zaƙi ya zo da farko, kaɗan, kamar na cakulan ɗinku. Ɗaci ya biyo baya ya kwanta a tsakiyar harshe. Can ƙarƙashin su duka, inda kwakwar ba ta kai ba, sai na ji abin. Wani ɗan tsami mai ɗumi da ke hawa hanci ta ciki. Rabona da shi tun ban yi aure ba, amma harshe ba ya mantuwa. Na tofar a cikin kofin. Masu cewa na sha, ga amsarku: ban haɗiye ba. Abin da ya zarce maƙogwaro ban sani ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma ya fi ku sanin yadda aka yi.

Na ɗaga kai na ga Hajiya Turai ta gaji da jiran madara, kofin ya kusa leɓenta.

“Hajiya, ajiye kofin nan,” na ce.

“Iya, malt ne fa,” in ji Bilkisu daga bakin matakala, da gwangwani a hannunta.

“Ba malt ba ne. Giya ce.”

Da a nan na tsaya, da yau ba a rubuta wannan. Sai a aika a tambayi maƙwabci, a yi salati, a zubar, a ce Allah ya tsare gaba. Amma magana zarar bunu ce. Bakina yana cike da ɗanɗanon wani gida da na daɗe ban shiga ba, sai na ji kaina ina ci gaba, kamar da kaina nake magana:

“Tsironta ƙona shi aka yi da gangan, shi ya ba ta baƙin nan. Kwakwar daga baya aka zuba. Ba ta yi ɗanye ba, ba ta wuce ba. Wanda ya dafa ta ya iya.”

Hadiza ta sa dariya, ta ce Iya ke dai ba ki da dama. Bilkisu ba ta yi dariya ba. Hajiya Turai ta ajiye kofin a hankali, ta zaro hankici ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Aka aika sama, ubanku ya fita da kwalba ɗaya a hannu, ba a jima ba ya dawo tare da Mista Wolta, wanda ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu yana ta ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba. Ya ce tasa ce, a garejinsa yake dafa abarsa, sunanta fota, ya sa mata kwakwa da kofi, ya ajiye ta ne don zuwan 'yarsa. Ya manta bai faɗa ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Babu wanda ya sha ko a sama ko a ƙasa. Na kurkure bakina, Hadiza ta kwashe kofuna, aka kawo zoɓo. Har na ɗauka an wuce wurin.

Hajiya Turai ta bari sai da ta sha zoɓonta rabi. Sannan ta juyo gare ni da murmushi, ta ce:

“Allah ya saka da alheri, Hajiya, kin fisshe ni. Amma ni kam abin ya ba ni mamaki. Ke kuwa ina kika san wanda ya iya da wanda bai iya ba?”

“Ai Iya hanci gare ta,” Bilkisu ta yi caraf. “Ko gishiri ya yi yawa a gidan maƙwabta sai ta ji.”

“Hanci ba ya sanin tsiro,” in ji Hajiya Turai. “An ce mana ke 'yar gidan malamai ce a Katsina. Wane gida ne? Muna da dangi can, ƙila ma mun haɗa kaka.”

A lokacin ne na fara jin cewa ni 'yar gidan malamai ce. Na dubi Bilkisu, ta dubi kafet. Na gane abin da ya faru. Dangin Mukhtar mutanen cikin birnin Kano ne, masu binciken asali kafin su ba da ko su karɓa, kuma da suka tambayi ubanku sai ya ɗauki wani malami da ke cikin dangin ubansa ya dasa shi a gidanmu. Ya yi mini sabon uba da sabuwar uwa ban sani ba, ina cikin gidansa ina cin tuwonsa.

To bari in gaya muku wacce aka cire, don ku ma ba a gaya muku ba. Uwata Bamagujiya ce, a wani ƙauye cikin ƙasar Malumfashi. Ubana ya mutu ina goye, ita ta riƙe mu da gona da tukunyar giya. Na tashi ina jiƙa dawa, ina shimfiɗa ta a rufe da ganye har ta tsiro, ina shanya, ina niƙa, ina iza wuta a ƙarƙashin tukwanen da sun fi ni tsawo. In ta dahu ta kwana, uwata takan ɗebo a ludayi ta miƙo mini ta ce in gaya mata ko ta yi, don ta ce harshen yaro bai iya kara ba. A can ba abin kunya ba ne, sana'a ce kamar saƙa. Da kakanku, tela ɗan Funtuwa, ya gan ni a kasuwa ya ce yana so, ni ma na ce ina so, na karɓi Musulunci da zuciya ɗaya, har yau ban waiwaya ba. Uwata ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi da ƙwarya, ta rataye su daban a ɗakinta, ta ce waɗannan na Musulmi ne, giya ba za ta taɓa su ba. Duk zuwan da na yi gida a cikinsu ta dafa mini. Shekarar da baƙon dauro ya kama ubanku, ni kuma ina kwance da ciwon da ya biyo ɓarin ciki, ita ta zo a ƙafa ta ɗauke shi ta goya, ta yi ta zagaya tsakar gida da shi har ya warke. Bayan da ya hau ya rayu kenan.

Ta mutu a kan hanyar iyayenta. Na tambayi malamai a Funtuwa, na sake tambaya a masallacin nan, duka suka ce mini ba a nema wa wanda ya mutu a haka gafara. Na ji, na bi. Na tsaya a Arfa na roƙa wa kowa, har matar Mista Wolta na so in sa don ban san hukuncinta ba, na zo kan sunan uwata na yi shiru, hawaye ya yi abin da zai yi. Ba ni da addu'ar da zan aika mata, ba ni da sadakar da za ta kai gare ta. Abu ɗaya ya rage a hannuna da zan iya yi mata a duniya, in an tambaye ni 'yar wace ce, kada in ce wata.

Duk wannan ya wuce mini a zuci Hajiya Turai tana jira. Na san Safiya tana saman kanmu da lalle a hannu. Na san tana son yaron, don na ga yadda take wanke fuska in an ce ya iso. Ba a makance na yi magana ba.

“Ba mu haɗa kaka ba, Hajiya,” na ce. “Ni 'yar Tambai ce mai giya, Bamagujiya. A gindin tukunyarta na girma. Malamin da aka gaya muku na gidan mijina ne.”

 Can Hadiza ta ce, “To ai kowa da inda ya fito, mu ma a Maraɗi,” sai ta ga babu mai tayawa ta haɗiye sauran. Hajiya Turai ta ce Allah sarki, ta ce ikon Allah, ta ce bari su yi haramar tafiya kafin hanya ta cushe. Ba a kira Safiya ba. Goro da alawar da suka kawo suka yini a kan tebur babu wanda ya kwance ƙullin.

Bayan la'asar ubanku ya same ni a kicin ina juye miya a robobi. Ya rufe ƙofa. Tun da ya girma bai taɓa tsayawa a kaina ina zaune ba sai ranar.

“Iya, me na yi miki?”

“Ni zan tambaye ka. Yaushe ka sauya mini uwa?”

“Ba sauyawa na yi ba, rufa asiri na yi. Nan Amurka ce, amma mutanenmu da ma'auninsu suka zo. Kin san me za a ce a masallaci? Kin san me za a riƙa kiran 'ya'yana?”

“Jikokin Tambai. Ƙarya aka yi?”

“Kalma ɗaya ce, Iya. Gobe ki ce wa Hajiya Turai maƙwabtanku ne Maguzawan, a wurinsu kika gani, tsufa ne ya sa kika haɗa zancen. Za su karɓa, su ma so suke a ba su abin da za su karɓa. Ba don ni ba. Don Safiya.”

Na ce masa wanda ya goya ka ba a kiransa maƙwabci. Ya ce wadda ta mutu ba ta san ana yi ba, mai rai ce ke kuka a sama. Wannan maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba, don akwai gaskiya a cikinta. Safiya ta sauko idonta jawur, ta yi ta magana da Turanci ban tsinci komai ba sai sunana. Da ta ga ban gane ba, ta tattaro 'yar Hausarta ta ce, “Iya, ke kin karya mini.” Ta koma sama. Ban ci abinci ba ranar.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku. Ba a daɗe ba aka aiko cewa a dakata tukuna, dakatawar da har yau ba a tashi daga ita ba. Sun ce ba asalin ne ya dame su ba, ƙaryar da aka yi musu ce. Wataƙila haka ne, wataƙila sun sami inda za su rataya abin ne. Mukhtar ya yi ta kiran waya na ɗan lokaci, sannan ya daina. Ubanku ya shekara yana gaishe ni daga bakin ƙofa kamar ɗan haya. Matan da ke kawo mini jariransu in tauna musu dabino suka rage zuwa. Safiya ta kama ɗaki kusa da wurin aikinta, takan zo da salla ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini man zafi, amma hirar da muke yi da can tana tsefe mini kai ba ta dawo ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, kuma ban ce ta yi laifi ba. Ita ta biya abin da ba ita ta ci ba. In tana karanta wannan, ta sani na sani. Amma in aka mayar da ni falon nan aka sake yi mini tambayar, amsar ba za ta sauya ba. Gidan da za a shigar da jikata da sunan wata kaka ta aro, ranar da aka gano, ita za a yi wa gori ita kaɗai, ina kabari.

Saura safiyar washegarin zuwan baƙin, wadda ban taɓa ba kowa labarinta ba sai mai rubutun nan. Da gari ya waye na yi wanka na ɗaura atamfata mai kyau, na yafa mayafin Makka, na ce wa Bilkisu ta biya da ni Clinton kafin ta wuce asibitin da take aiki. Ubanku ya ji, ya fito da sauri ya buɗe mini ƙofar mota da hannunsa, har yana cewa Allah ya ƙara girma. Ya ɗauka janye maganata zan je yi. Bilkisu ta tsaya a mota, na shiga ni kaɗai. Hajiya Turai ta tarbe ni da mutunci, ta shimfiɗa mini darduma don na ce ba na son kujera. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

“Hajiya, na zo ba da haƙuri,” na ce. “An miƙa miki haram a gidanmu, a kofinmu. An kuma gaya muku abin da ba shi ne ba. Duka biyun laifin gidanmu ne, ni ce babba a gidan, ki yafe mana. Yarinyar ba ta san komai ba, kuma ba za ku sami mai hankalinta ba.”

Ta juya carbinta. Sannan ta matso ta rage murya, kamar akwai mai jin mu.

“Hajiya, ni ma ina son yarinyar nan. Maza ba su ji daga bakinki ba, daga nawa za su ji. In kin ce zama ne na maƙwabtaka, ko riƙo aka ba ta ke, haka zan kai musu, magana ta mutu a ɗakin nan.”

Na gode mata, don da alheri ta nufa. Na ce:

“Ba riƙo ba ne, ita ta haife ni. Sunanta Tambai 'yar Nomau. Kande ta raɗa mini, Rabi daga baya na samu. Ki kai musu haka, kada ki rage komai. In sun ga za su iya, ga yarinya. In ba za su iya ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.”

Ta ce in tsaya in sha ko ruwa ne. Na ce na gode, ana jirana. Na dafa bango na miƙe, na nemi takalmina.

A mota Bilkisu ta dube ni, hannunta a kan sitiyari.

“Iya, an shawo kanta?”

“Ba shawo kanta na je yi ba,” na ce. “Ja mu tafi, marasa lafiya na jiranki.”